Yadda Sulhu Ya Shiga Makarantu

Duk inda aka tara yara arba'in ko hamsin cikin ɗaki guda tun safe har azahar, ba a rasa saɓani. Harshe da haƙori ma su kan saɓa, balle 'ya'yan mutane dabam dabam. Wannan ya ɗauki alƙalamin wancan, wancan ya zagi uwar wannan, kafin malam ya juyo daga allo an kaure da kokawa. Abin da ya daɗe yana damun malamai da iyaye shi ne, in yaro ya cuci ɗan'uwansa, me za a yi da shi? Kai mai karatu, in kana da ɗa ko jika a makaranta, to, maganar nan taka ce, gama wata rana ɗanka za a cuta, wata rana kuwa shi ne zai yi cutar.

In muka duba tarihi, hanya uku mutane suka bi a kan wannan al'amari. Ta fari bulala, ta biyu kora, ta uku sulhu. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda kowace ta fito, da abin da ta haifar.

Zamanin Bulala

Babu abin da ya daɗe a makaranta kamar bulala. Mu da muka yi karatun allo mun san dorinar malam, waɗanda suka shiga boko kuma sun san tsumagiyar hedimasta. Kada a zaci halin ƙasarmu ne kaɗai. A Ingila ma, inda aka kawo mana boko, da sanda a ke horon yara, har a kan ajiye littafi musamman a rubuta sunan yaro da laifinsa da yawan dūkan da ya sha. Iyaye da malamai duka sun yarda icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma ba su ga abin tanƙwarawa ba sai bulala.

Sannu a hankali waɗansu ƙasashe suka fara juya wa dūka baya. Ƙasar Polan ce ta riga kowa, tun cikin 1783. Suwidin ta hana a makarantunta cikin 1958. A Ingila sai da aka kai ruwa rana, domin sa'ad da Majalisar Dokoki ta jefa ƙuri'a cikin 1986, mutum 231 suka ce a hana, 230 suka ce a bari. Watau da ƙuri'a ɗaya tak aka raba makarantun gwamnati da sanda. Afirka ta Kudu ta hana cikin 1996, Kenya kuma cikin 2001. Har wa yau, cikin 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara yarjejeniya a kan haƙƙin yara, wadda ta ce horon makaranta ya zama mai kiyaye mutuncin yaro. Nijeriya ta amince da ita cikin 1991.

To, amma ajiye bulala bai hana yara yin laifi ba. Malam ya tsaya hannu wofi gaban yaro mai taurin kai, yana tambaya, yanzu kuma sai me?

Zamanin Kora

Amsar da ta fi sauƙi ita ce a kori yaro, ko dai na 'yan kwanaki ko kuwa har abada. Inda wannan hanya ta fi yin ƙarfi shi ne Amurka. Cikin 1994 gwamnatin ƙasar ta kafa doka cewa duk yaron da ya zo makaranta da bindiga a kore shi shekara guda. Wannan kam ba mai gardama a kansa. Amma sai makarantu da yawa suka faɗaɗa abin, suka ce ba sassauci ga kowane irin laifi. Yaro ya yi faɗa, kora. Ya mayar wa malam magana, kora. Ya yawaita makara, kora. Aka wayi gari a na sallamar yara fiye da miliyan uku gida cikin shekara guda, kuma lissafin gwamnati kanta ya nuna 'ya'yan baƙar fata sun fi 'ya'yan farar fata shan korar nan ninki uku.

Cikin 2011 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a jihar Texas, inda aka bi diddigin yara kusan miliyan ɗaya. Aka tarar kusan shida cikin kowane goma an taɓa dakatar da su ko an kore su tsakanin aji bakwai da aji goma sha biyu. Cikin hukunce-hukuncen nan duka, kashi 3 cikin ɗari ne kaɗai dokar jiha ta wajabta, sauran duk ganin damar makaranta ne. Abin da ya fi tayar da hankali kuwa, yaron da aka kora ya fi ɗan'uwansa kusantar faɗawa hannun hukuma a shekara mai zuwa kusan ninki uku. Ba abin mamaki ba ne. Yaron da aka hana shi aji, iyayensa kuma suna wurin nema, ina zai nufa in ba titi ba?

Bulala da kora kuwa suna da aibi guda da suka yi tarayya a kai. Dukansu biyu mai laifi kaɗai su ke kallo. Yaron da aka fasa wa baki, ko aka yaga masa littafi, yana nan zaune a aji, ba wanda ya tambaye shi yadda ya ji, ba wanda ya biya shi asararsa. Shi kuma mai laifi ya sha dūkansa ko ya cinye kwanakinsa, ya komo yana ganin ya biya bashi, sau da yawa ma da sabuwar ƙullalliya a ransa. An yi hukunci, amma gabar tana nan daram.

Samari Biyu a Elmira

Hanya ta uku ba a makaranta ta faro ba, a kotu ne. Cikin 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Elmira a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, waɗansu samari biyu suka sha suka bugu, suka bi gari da dare suna fasa tagogi, suna huda tayoyin motoci. Kafin gari ya waye sun yi wa wuri 22 ɓarna. Aka kama su, suka amsa laifinsu.

Akwai wani ma'aikacin kotu mai suna Mark Yantzi, wanda aikinsa shi ne kula da masu laifin da aka saka bisa sharaɗin su kyautata hali. Shi da abokinsa Dave Worth, dukansu 'yan ɗariƙar Kirista ta Menonayit ce, wadda aka sani da ƙin faɗa. Suka ba alƙali shawara, suka ce me zai hana a sa samarin nan su je su haɗu da mutanen da suka yi wa ɓarna, ido da ido? Dokar ƙasar ba ta san irin wannan ba, amma alƙali ya yarda a gwada. Aka tasa samarin gaba, gida gida, suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna faɗin sunansu da abin da suka aikata, suna sauraron abin da masu gida za su ce. Aka ƙididdige asarar kowa, samarin suka nemi kuɗi suka biya.

Daga wannan ɗan ƙaramin al'amari aka kafa shirin haɗa mai laifi da wanda aka cuta. Cikin 1978 aka fara irinsa a garin Elkhart na Amurka. Wani masani mai suna Howard Zehr, wanda ya yi aiki a shirin nan, ya buga littafi cikin 1990 yana bayyana bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu. A ganinsa kotu ta fi damuwa da dokar da aka karya da hukuncin da ya dace, alhali kuwa laifi rauni ne da mutum ya yi wa mutum. Saboda haka abin da ya kamata a fara nema shi ne wanda aka cuta, da abin da ya ke bukata, da wanda nauyin gyara ya rataya a wuyansa.

Kukan Mutanen Mawori

Reshe na biyu na labarin nan a Niyu Zilan ya tsiro. Mawori su ne mutanen asali na ƙasar, waɗanda sarakunansu suka ƙulla yarjejeniya da Ingila cikin 1840. Bayan shekara fiye da ɗari sai suka ga 'ya'yansu ne suka cika kotunan yara da gidajen horo na gwamnati, nesa da danginsu. A al'adarsu kuwa yaro na dangi ne gaba ɗaya, in ya yi laifi dangi ne su ka yi, kuma su ne za su zauna da dangin wanda aka cuta a daidaita. Gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin wani dattijonsu mai suna John Rangihau. Kwamitin ya zaga ƙasa yana jin koke-koke, ya miƙa rahotonsa cikin 1986, ya faɗi ƙiri-ƙiri cewa tsarin hukuma yana danne Mawori.

Cikin 1989 aka yi sabuwar doka a kan yara da iyalansu, wadda ta kafa abin da a ke kira taron dangi. Ga yadda a ke yinsa. A kan tara yaron da iyayensa da kakanninsa da duk wanda ke da faɗa a ji a kansa, a gayyato wanda aka cuta da masu rakiyarsa, ɗan sanda kuma ya karanta laifin. In yaron ya amsa, sai wanda aka cuta ya faɗi abin da ya same shi. Sa'an nan kowa ya fita, a bar dangin yaron su kaɗai su yi shawarar yadda ɗansu zai gyara ɓarnarsa. In sun gama su kawo, in kowa ya yarda shi ke nan, in ba a yarda ba a koma wa alƙali. Waɗansu masana na Mawori sun ce wannan ba ainihin al'adarsu ba ce, gwamnati ce ta ɗebi abin da ya yi mata daɗi ta bar saura. Duk da haka dokar ta ja hankalin duniya.

Daga Ofishin 'Yan Sanda Zuwa Aji

Maƙwabtansu na Ostiraliya su ne suka fara ara. Cikin 1991 wani sajan 'yan sanda mai suna Terry O'Connell, a garin Wagga Wagga, ya fara shirya irin taron nan ga yaran da aka kama da ƙananan laifuffuka. Ya tsara tambayoyin da mai jagorar taro zai riƙa yi bi da bi, don kada zaman ya koma zage-zage. Aikinsa ya dace da ra'ayin wani masanin ƙasar, John Braithwaite, wanda ya buga littafi cikin 1989 yana cewa kunyatarwa iri biyu ce. Akwai wadda ta ke liƙa wa mutum mugun suna, a ce masa ɓarawo har ya mutu, wannan ita ke tura shi cikin miyagu. Akwai kuma wadda a ke ƙin aikin a fili gaban waɗanda mutum ke jin nauyinsu, sa'an nan a karɓe shi ya komo cikin jama'a. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, gama ya san yaron da bai ji tsoron bulala ba ya kan sunkuyar da kai in kakarsa ta yi hawaye saboda shi.

Cikin 1994 abin ya shiga makaranta. A wata makarantar sakandare ta garin Maroochydore, a jihar Kwinslan ta Ostiraliya, aka yi wani mummunan dūka bayan daren rawa na 'yan makaranta. Wata malama mai ba yara shawara, Margaret Thorsborne, ta shirya taro irin na Wagga Wagga, aka tara masu laifi da wanda aka cuta da iyayen kowa. Wannan shi ne zaman da a ke lissafawa na farko irinsa a makaranta. Da hukumar ilmi ta jihar ta ga yadda ya ƙare, sai ta sa aka gwada a waɗansu makarantu.

Bari mu kawo misali da sunayen gida, don a gane yadda zaman ya ke. A ce Tanko ya ture Audu a filin wasa, haƙorinsa ya fita. Da fari malam zai ga kowannensu shi kaɗai, domin ba a tilasta wa wanda aka cuta zama, kuma ba a zama sai mai laifi ya amsa laifinsa. Ranar taro a jera kujeru a kewaye, ba teburi a tsakani. A tambayi Tanko: me ya faru, me ka ke tunani a lokacin, wa ka ke gani abin ya shafa? Sa'an nan a juya ga Audu ya faɗi yadda ya ji, da abin da ya fi yi masa ciwo. Uwar Audu ta faɗi kuɗin magani da kwanan zaune da ta yi. Uban Tanko shi ma ya faɗi kunyar da ya sha. Daga ƙarshe a tambayi Audu abin da zai gyara al'amarin, a yi ciniki har a daidaita: a biya kuɗin magani, Tanko ya nemi gafara gaban waɗanda suka ga turin, ya kwafa wa Audu darussan da suka wuce shi. A rubuta, kowa ya sa hannu, a sa ranar da za a duba ko an cika alkawari. Wanda ya ce wannan sassauci ne, bai taɓa tsayawa gaban uwar yaron da ya raunata ba.

Akwai waɗansu dabaru biyu da suka haɗu da wannan. Ɗaya ita ce zaman da'ira, wanda aka koya daga mutanen asali na Kanada. Wani alƙali, Barry Stuart, ya yi shari'a ta wannan hanya a yankin Yukon cikin 1992, daga baya makarantun jihar Minnesota ta Amurka suka ɗauka. A kan miƙa wani abu, kamar dutse ko gashin tsuntsu, daga hannu zuwa hannu, wanda ke riƙe da shi kaɗai ke magana. Malamai su kan yi haka da ajinsu ko ba a yi faɗa ba, don yara su saba da sauraron juna, gama rigakafi ya fi magani. Ta biyu ita ce koya wa yara su raba gardamar 'yan'uwansu da kansu. 'Yan ɗariƙar Kwaika sun fara koyar da yara sasanta rikici a makarantun birnin New York tun cikin 1972.

Abin da Gwaji Ya Nuna

Da fari labarai masu daɗi aka riƙa ji. A wata makarantar midil ta birnin Oakland a Amurka, mai suna Cole, korar yara ta ragu da kashi 87 cikin ɗari bayan an shigo da sulhu, har hukumar makarantun birnin ta karɓi tsarin gaba ɗaya cikin 2010. Cikin 2014 gwamnatin Amurka ta aika wa makarantu takardar shawara su rage kora, amma wata gwamnatin ta janye takardar cikin 2018. Makaranta guda kuwa ba ta isa hujja ba, don haka masana suka shirya gwaji na sosai.

A birnin Pittsburgh aka ɗauki makarantu 44, aka jefa ƙuri'a, 22 suka bi hanyar sulhu, 22 suka zauna yadda su ke, har shekara biyu. Sakamakon da ya fito cikin 2018 ya nuna kwanakin da yara ke asara saboda kora sun ragu da kashi 16 cikin ɗari, malamai kuma suka ce zaman makaranta ya yi kyau. Amma korar da a ke yi saboda faɗa da makami ba ta ragu ba, kuma karatun yaran aji shida zuwa takwas ya ɗan ja baya. A Ingila aka yi irin gwajin nan da makarantun sakandare 40, aka buga sakamakon a shekarar nan ta 2018. Bayan shekara uku cin zali ya ɗan ragu, shan taba da buguwa ma sun ragu, amma faɗace-faɗace ba su sake ba. A birnin Chicago kuwa, binciken da ya fito cikin 2023 ya nuna kora ta ragu da kashi 18 cikin ɗari, kamun yara da 'yan sanda ke yi ya ragu da kashi 19, karatu kuma bai lalace ba.

Abin da za mu fahimta a nan shi ne, sulhu magani ne mai amfani, amma ba ya warkar da kowace cuta, kuma yana da tsada. Bulala minti ɗaya ce, takardar kora minti biyar, zaman sulhu kuwa ya kan ci yini guda na malam, da ganin wannan da lallashin wancan. Inda aka horar da malamai sosai, aka ba su lokaci, abin ya kan yi albarka. Inda kuwa aka ce musu kawai su daina kora, ba a ba su kome a madadinta ba, sai aji ya rikice, yara masu son karatu su cutu.

Mu Kuma Fa?

Mai karatu zai ce, ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gaskiya ne. Alƙur'ani, cikin Suratul Hujurati, ya yi umurni a sulhunta tsakanin ɓangarori biyu in sun yi faɗa, kuma a yi shi da adalci. Tun kaka da kakanni mai unguwa da dagaci da liman su ke kashe rigima a zaure, ba ta kai gaban alƙali ba. Abin mamaki shi ne, mun bar sulhu a zaure, ba mu shigar da shi aji ba.

Amma fa ranar wanka ba a ɓoye cibi. Sulhunmu yana da wani rauni wanda labarin nan ya tona. Sau da yawa abin da mu ke kira sulhu shi ne a ce wa wanda aka cuta ya yi haƙuri, musamman in shi ne ƙarami, ko ɗan talaka, ko mace. Ya haɗiye magana don girman manya, mai laifi kuma ya tashi bai ji kome ba, bai biya kome ba. Irin wannan rufe ciwo ne da ƙuda a ciki. Darasin Elmira da Maroochydore shi ne, sai wanda aka cuta ya faɗi cutarsa da bakinsa, mai laifi ya ji da kunnensa, ya gyara da hannunsa, sa'an nan a yi maganar yafewa. Akwai kuma laifuffukan da suka fi ƙarfin zaure, kamar lalata da yaro ko sara da makami. Waɗannan na hukuma ne, kada a fake da sulhu a binne su.

Malamin da ke fama da yara ɗari cikin aji guda ba zai iya wannan aiki shi kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka in an aiko daga makaranta a na neman ka a kan ɗanka, kada ka aika da saƙon a zane shi kawai, kada kuma ka tafi da shirin faɗa da malam. Ka je ka zauna, ka tambayi wanda aka cuta, ka tambayi abin da zai gyara, ka tsaya har ɗanka ya cika alkawarin da ya ɗauka. Yaron da ya koyi amsa laifinsa da biyan haƙƙin ɗan'uwansa tun yana aji uku, shi ne gobe za a ji daɗin maƙwabtaka da shi, gama zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba malamanmu haƙuri da basira, amin.